Sabon Shiga da Sabuwar Shiga

*Wanda zai fara yin shigar taurarin finafinai da littattafan zane a tarukan ma'abota, gara ya fara da hannunsa kafin ya taɓa aljihunsa*

A watan Yulin 1939 aka yi babban taron farko na duniya na ma'abota ƙagaggun labaran kimiyya a birnin Niyok na Amurka. Kimanin mutum 200 ne suka halarta, yawancinsu samari masu karatun mujallu, cikin tufafin yau da kullum na zamanin. Mutum biyu ne suka fita daban, wato wani matashi mai suna Forrest J Ackerman da abokiyarsa Myrtle R. Douglas, wadda 'yan harkar suka fi sani da Morojo. Sun taso daga Los Angeles da wasu tufafi da aka kwaikwayo daga fim ɗin *Things to Come* na 1936 da kuma zanen bangon mujallun da suke karantawa. Da shekara ta zagayo, a taron Shikago na 1940, masu irin wannan shiga sun yi yawan da har aka yi musu gasa. An daɗe ana ba da wannan tarihi da sunan Ackerman a gaba, alhali Morojo ce ta tsara tufafin biyu, ita ce kuma ta ɗinka su.

Kalmar da duniya ta san al'adar da ita a yau, wato kosfile, daga Japan ta fito. Wani marubuci, Nobuyuki Takahashi, shi ya gutsuro kalmomin Ingilishi biyu, ɗaya mai nufin tufafi ɗaya mai nufin wasa, ya haɗa su a mujallar *My Anime* a 1983. Ma'anarta a sauƙaƙe ita ce mutum ya yi shigar wani tauraro na fim ko na littafin zane ko na wasan bidiyo, ya fita da ita cikin jama'ar da suka san tauraron. Jama'ar kuwa ta bunƙasa ƙwarai. Taron Comic-Con na San Diyego, wanda aka fara a 1970, yana tara mutum fiye da 130,000. Comiket na Tokiyo ya fara a Disambar 1975 da mutum kusan 700, amma a zaman Disambar 2019 an ƙidaya shigar mutum 750,000 cikin kwana huɗu.

Inda jama'a ta taru, kasuwa takan biyo. A yau wanda ya ga hotunan waɗannan taruka ya yi sha'awa, yana iya buɗe AliExpress ya sayi shigar kusan kowane tauraro, daga hula har takalmi, ba tare da ya taɓa zura zare a allura ba. Tambayar da ke gaban sabon shiga ke nan: ya saya, ko ya yi da kansa? Amsar da ta fi yi masa amfani ita ce ya fara ƙarami, ya haɗa abin da zai iya daga kayan da ke hannu, ya kuma tabbatar akwai aƙalla abu ɗaya a jikinsa wanda shi ya yi shi. Dalilan suna da yawa, kuma masu ganin akasin haka suna da hujjar da ta cancanci a saurara.

Wannan ba shigar burtu ba ce

Maharbin da ya ɗaura kan burtu a goshinsa ya sunkuya cikin ciyawa, burinsa kada naman daji ya gane shi. Mai kosfile burinsa a gane. Ba ya son a ɗauka shi ne tauraron, don kowa ya san ba shi ba ne. Abin da yake nema shi ne wani baƙo daga can ƙarshen zaure ya hango shi ya ambaci sunan tauraron, su yi dariya tare, su tsaya su yi hira kan labarin da dukansu suke so. Tufafin wata hanya ce ta yin sallama ga mutanen da ba a sani ba.

Wanda ya tashi a garin da ake tashe ya san wannan dabara tun yana yaro. Idan azumi ya kai kwana goma, yaro yakan manna auduga a haɓa, ya ɗauki sanda, ya ranƙwafa, nan take unguwa ta gane tsoho ne. Wani ya cusa tsumma a cikin riga ya zama mai ƙaton ciki. Akwai bambanci, domin tashe yana kwaikwayon ire-iren mutanen gari ne don raha da jan kunne, kosfile kuwa yana kwaikwayon wani tauraro ɗaya tak na wani labari. Amma darasin ɗaya ne. Ba tsadar kaya ke sa a gane shiga ba, alamu biyu ko uku ne da aka zaɓa daidai.

Mai yiwuwa wani ya ce mene ne na babba da gemunsa a wasan yara. Abin lura shi ne mafi yawan masu wannan harka manya ne masu sana'o'insu, kuma abin da suke yi a ƙarshen mako ya haɗa yanka da ɗinki da sassaƙa da fenti da gyaran gashi, wani lokaci har da haɗa wayoyin lantarki. Ƙungiyar 501st Legion, wadda Albin Johnson ya kafa a Amurka a 1997 don masu shigar sojojin daular *Star Wars*, ta bazu a ƙasashe da dama. 'Ya'yanta ba sa karɓar kuɗin fitowa, sai dai su nemi a ba da gudummawa ga ayyukan jinƙai, kuma sukan ziyarci yara a asibitoci. Daga baya sunan ƙungiyar ya shiga labaran *Star Wars* na hukuma. Wanda bai ga laifin ɗan kasuwar da ke kashe dukiya wajen ƙawata dokinsa don hawan salla ba, zai yi wuya ya kafa hujjar raina injiniyan da ke kashe darensa wajen ƙera sulken roba.

Abin da ba ya zuwa a cikin kwalin saƙo

Dalili na farko na yin abu da hannu shi ne ilimi ba ya tsufa tare da riga. Wanda ya sayi shiga ya sanya sau biyu, ranar da ya so wata sai ya sake saye. Wanda ya ɗinka alkyabba ɗaya, ko da kalmasarta ta karkace, ya koyi awo, ya koyi yadda yadi ke miƙewa ta gefe ɗaya ya ƙi ta ɗaya gefen, ya koyi dalilin da ya sa ake barin rarar ɗinki. Shiga ta biyu za ta zo masa da sauƙi da araha. Ranar da ɗinki ya ɓalle a tsakiyar taro, ya san inda zai sa allura.

Na biyu shi ne dacewa da jiki. Kayan masana'anta ana yanka su ne a kan awo na gama-gari, kuma lambobin girman da 'yan kasuwar gabashin Asiya ke amfani da su sukan yi ƙanƙanta idan aka gwada da na wasu wurare. Sau da yawa yadin siriri ne mai sheƙi wanda ke kyau a hoton talla ya kuma riƙe zufa a jiki. Kaya sukan ɗauki makonni a hanya, idan suka iso ba su yi daidai ba, babu lokacin musanya. Kayan aro ba ya rufe katara, na kanti ma wani lokaci haka yake.

Na uku shi ne zumunci. A waɗannan taruka, tambayar da ke biyo bayan neman izinin hoto ita ce yadda aka yi abin. Wanda ya yi da kansa yana da labari: inda ya samo yadin, abin da ya lalace sau uku kafin ya yi daidai, dabarar da ya ƙirƙiro don kafaɗar ta tsaya. A nan ne gogaggu ke ba da shawara, a nan abota ke ƙulluwa. Wanda ya saya, amsarsa sunan shago ce, hirar ta ƙare.

Tsarin gasannin ma a kan wannan aka gina shi. A manyan tarukan Amurka akan bi ƙa'idar ƙungiyar International Costumers' Guild ta raba 'yan gasa mataki uku, wato sabon shiga da mai matsakaicin gogewa da gwani, don kada wanda ya fara bara ya kara da wanda ya shekara ashirin. Kafin a hau dandamali, alƙalan aikin hannu sukan duba kayan daf da daf, su juya cikin riga su ga yadda aka gama bakin ɗinki. A gasar World Cosplay Summit, taron da aka fara a Nagoya a 2003, kowace ƙasa tana turo mutum biyu, kuma sharaɗi ne tufafin su kasance aikin hannunsu. Al'adar tun daga Morojo tana girmama mai yi.

Babban abin da ke hana sabon shiga ganin haka shi ne hotunan Instagram da TikTok. Abin da yake gani a can aikin mutanen da suka shekara goma a harkar ne, an ɗauka da fitilun ɗakin hoto, an gyara a kwamfuta, wani lokaci ma kamfani ne ya ɗauki nauyi. Idan ya auna kansa da wannan mudu, ɗayan biyu ne: ko ya ci bashi ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa, ko ya fasa gaba ɗaya. Zauren taro na gaskiya ba haka yake ba. Cike yake da takubban kwali da gashin da ya karkace da takalman makaranta da aka shafa wa fenti, kuma masu su suna cikin waɗanda suka fi kowa jin daɗin ranar.

Hujjar masu saye

Ba kowa ke da keken ɗinki ba, ba kowa ke da lokaci ba. Likitar da ke kwana a bakin aiki, ko mai ciwon hannu da ba ya iya riƙe almakashi, ba su da ƙarancin haƙƙin shiga taro a kan kowa. Akwai kuma masu sana'ar ɗinka wa wasu shiga, waɗanda ke ci da iyalinsu da ita. Tarihin harkar yana da nasa abin kunya ta wannan fuska, domin an sha samun masu tsaron ƙofa da suka naɗa kansu, suna yi wa masu kayan saye kallon baƙin haure. Wannan ɗabi'a ta kori mutane da yawa, kuma babu abin da ta ƙara wa sana'ar.

Saboda haka babu aibi a saye. Aibin da aka yarda da shi a ko'ina guda ɗaya ne, shi ne mutum ya shiga gasar aikin hannu da abin da wani ya yi ya ce nasa ne. Wanda tela ya ɗinka masa, sai ya faɗi haka, ya kuma ambaci telan idan an yaba. Abin da ake jayayya a kai shi ne wace hanya ce ta fi amfanar mai farawa, kuma a nan ma'auni ya fi karkata ga tsaka-tsaki: a sayi abin da ba a iya yi tukuna, kamar takalmi da hular gashi, a gyara abin da za a iya gyarawa, a ƙera abu ɗaya daga tushe. Ko ɗamara ce, ko tambarin ƙirji, ko sanda. Abu ɗayan nan shi ne irin da za a shuka.

Zaɓen tauraro

Yawancin shigar farko da ta lalace, tun wajen zaɓe ta lalace. Mai farawa yakan hango jarumin da ke sanye da sulke tun daga kai har ƙafa, da fukafukai masu buɗewa, ya ce shi ne. Daidai ruwa daidai tsaki. Tauraron da ya dace da shigar farko yana da siffa uku: mutum yana son sa da gaske, tufafinsa sun yi kusa da na mutane, kuma yana da alamar da ake gane shi da ita daga nesa.

Luffy na *One Piece* misali ne mai kyau, domin malfa ce mai jan ƙyalle, da jar riga, da gajeren shuɗin wando, da takalmi mai maɗauri. Ɗalibin makarantar *Harry Potter* baƙar alkyabba ce da taye da siririyar sanda. Mayaƙin Jedi na *Star Wars* yana sanye da riga mai haske, da ɗamara mai faɗi, da alkyabba ruwan ƙasa mai hula, kuma duk telan da ya taɓa ɗinka jallabiya ba zai sha wahalarta ba. Baƙar alkyabbar 'yan Akatsuki ta *Naruto* ɗinki ne miƙaƙƙe, aikin yana wajen yanka jajayen gizagizan a ɗora su daidai.

Bayan zaɓe sai tattara hotuna, ta gaba da ta baya da ta gefe, sannan a rubuta kowane yanki a takarda, a sa masa alama: akwai a gida, za a samu a gwanjo, za a saya, za a yi. Wannan takarda ita ce kasafin kuɗi. Ita ke tona abin da akan manta, wato takalmi da safa da kayan kwalliya da kuɗin shiga taro da na mota, waɗanda idan aka haɗa su sukan zarce kuɗin yadi.

Yadi da soso da gam

Ta fuskar ɗinki, shawarar da ta fi kowace ceton kuɗi ita ce a fara gwaji da yadi mai araha, akoko ko tsohon zanen gado. A yanka, a haɗa, a sanya, a gyara, sannan a warware a yi amfani da shi a matsayin ma'aunin yanka yadin gaske. Kamfanonin zanen yanka irin su McCall's da Simplicity sun daɗe da fitar da na kosfile, amma tsohuwar rigar da ta zauna wa mutum daidai, idan aka warware ta, tana yin wannan aiki. Yadi mai santsi ko mai miƙewa yana wahalar da sabon hannu, auduga kuwa tana yafiya. Dutsen guga rabin ɗinki ne, domin duk layin da aka goge kafin a ci gaba yakan kwanta kamar na gwani.

Sulke da makamai kuwa, abin da ya sauya harkar shi ne soson roba mai suna EVA, irin wanda ake yin silifas da tabarmar ɗakin motsa jiki da shi. Ba shi da nauyi, ba shi da tsada, reza mai kaifi tana yanka shi, kuma idan aka hura masa iska mai zafi yakan lanƙwashe ya tsaya a haka. Akan yi gangar jikin sulke da mai kaurin milimita 5 zuwa 10, a yi ado da mai milimita 2. Don samun awo, akan naɗe hannu ko ƙirji da leda, a bi ta da salatif, a zana layukan sulken a kai, a yanke a hankali a shimfiɗa a takarda. Gam ɗin da ya fi kama shi shi ne irin na masu gyaran takalmi, wanda ake shafa wa gefe biyu, a bari ya sha iska, sannan a manna, kuma da zarar ya kama ba ya komawa. Tururinsa yana da illa, don haka a sarari ake aiki da shi, nesa da wuta. Soso yana shan fenti, sai an fara shafe shi da farin gam ɗin kafinta shafi biyu ko uku. Akwai kuma Worbla, wani falle na roba daga Jamus da ke laushi da zafi ya sandare idan ya huce. Yana da kyau, amma tsadarsa ta sa ba da shi ake koyo ba. Kwali ma ba abin rainawa ba ne.

Hular gashi ita ke sauya kamannin fuska fiye da komai. Zaren roba ne, dangin Kanekalon na kamfanin Kaneka na Japan, wanda masu kitso a Afirka ta Yamma suka daɗe da sani. Ba kowanne ke jure zafi ba, don haka a gwada a wani ɓoyayyen sili kafin a sa masa ƙarfe. Abu ɗaya da bai kamata a yi arahar sa ba shi ne gilashin sauya launin ido da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. A Amurka doka ta ɗauke shi a matsayin kayan asibiti da ba a sayarwa sai da takardar likita, saboda wanda bai dace da ido ba yana iya ƙuje shi ya jawo gyambo. Babu shigar da ta kai darajar ido.

Sai maganar lokaci. 'Yan harkar suna da raha mai ɗaci kan daren jajibirin taro, lokacin da ake fenti a ɗakin otal ana busar da shi da na'urar busar da gashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gam yana da lokacin bushewarsa, fenti yana da nasa, kuma babu wanda ke jin roƙo. Mai hankali yakan gama mako guda kafin taro, ya sanya shigar gaba ɗaya a gida na awa biyu, ya zauna, ya hau matakala, ya ɗaga hannu, ya shiga banɗaki. Duk abin da zai ɓalle, gara ya ɓalle a nan.

Ranar taro

Shigar da ta yi kyau a madubi tana iya zama azaba bayan awa shida a tsaye. Zafi ne babban abokin gaba, musamman ga masu sulke da masu rufe fuska, don haka ruwan sha da hutu wajibi ne. Takalmin da ba a taɓa takawa da shi ba yakan gama da mai shi kafin azahar. Ƙaramar jaka mai allura da zare da fil da salatif da gam tana ceton rana, wanda kuma hularsa ta rage masa gani yana buƙatar abokin tafiya da zai riƙa yi masa ja-gora.

Kowane taro yana da dokokinsa, kuma karanta su aikin mai zuwa ne. A Comiket ba a yarda mutum ya taho daga gida cikin shiga ba, akwai ɗakunan sauya kaya a wurin, a nan ake sanyawa a nan ake cirewa. A yawancin tarukan Amurka ana duba makaman wasa a ƙofa a ɗaura musu alama, kuma ba a shiga da ƙarfe mai kaifi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A watan Mayun 2017 an kama wani mutum da bindigogin gaske a taron Phoenix Comicon, masu shirya taron suka hana shiga da makaman wasa a sauran kwanakin. A Najeriya akwai ƙarin hattara, domin doka ta hana farar hula sanya kakin soja, kuma bindigar roba a jaka a shingen bincike ba abin da za a yi wa jami'i bayaninsa cikin raha ba ne. Irin wannan shiga a bar ta.

Akwai kuma ladabin hoto. A 2014 taron New York Comic Con ya kafa manyan alluna masu cewa sanya shiga ba izini ba ne, bayan shekaru na koke-koken mata da ake taɓawa ko ake ɗauka a hoto ba da yardarsu ba. Ƙa'idar ta shafi kowa: a tambaya kafin a ɗauka, kada a taɓa mutum ko kayansa, wanda ke cin abinci ko yake hutawa a ƙyale shi. Mai shigar ma yana da ikon cewa a'a.

Fata da jiki da sutura

Tambayar da ta fi damun baƙar fata mai son farawa ita ce ko ya halatta ya yi shigar tauraron da ba kalarsa ba. Masu tsangwama a intanet sun daɗe suna cewa bai halatta ba. Don amsa musu ne Chaka Cumberbatch ta fara wani gangami a Fabrairun 2015 na wallafa hotunan baƙaƙen masu kosfile kowace rana har watan ya ƙare, kuma abin ya ɗore. Matsayin da mafi yawan 'yan harkar suka tsaya a kai shi ne tufafi ake kwaikwayo, launin fatar ɗan Adam kuwa ba a taɓa shi. Farar fata ba ya shafa baƙi, saboda mummunan tarihin da wannan ke da shi a dandamalin Amurka, baƙi ma ba ya buƙatar hoda ko man da zai haska shi. Haka batun ƙiba da tsawo da shekaru. Alamu biyu ko ukun nan su ke sa a gane tauraro.

Sutura ma ba shamaki ba ce. A Malesiya da Indonesiya akwai 'yan mata Musulmi da yawa da ke kosfile cikin hijabi, suna zaɓen mayafi mai launin gashin tauraruwar su naɗa shi ya ba da siffar gashin, su tsawaita siket da hannun riga. Sake fasalin shiga don ta dace da mai ita abu ne da aka saba da shi, har yana da masu yaba shi na musamman. Wanda ke da iyakar da addininsa ko tarbiyyarsa suka shata masa, zaɓen tauraro a hannunsa yake, kuma taurari sun fi a ƙirga.

Wannan ya kawo maganar inda harkar ta dosa. Ayodele Elegba ya fara Lagos Comic Con a 2012, Comic Con Africa ya biyo baya a Afirka ta Kudu a 2018, dukansu kuma ana gasar shiga. Taurarin da za a kwaikwaya ma sun daina zama na Japan da Amurka kaɗai. Ruth E. Carter ta ci kyautar Oscar a 2019 da tufafin fim ɗin *Black Panther*, waɗanda ta ɗebo daga suturar Masai da Zulu da Basotho da Abzinawa. *Malika* ta Roye Okupe, labarin zane ne na wata sarauniya mayaƙiya da aka gina a kan tarihin Amina ta Zazzau. Wanda zai yi irin wannan shiga a Kano ko Zariya yana da abin da takwaransa na Tokiyo zai yi sha'awa: yadi a Kantin Kwari, rini a Ƙofar Mata, dukawa masu aikin fata, da masu ɗinka lifidi da har yanzu suke yi wa mahayan salla aiki. Yana da tela a bakin layi wanda zai iya fitar da riga daga hoto, muddin an kai masa hoton gaba da baya, an kuma kauce wa makonnin da ke gaban salla.

Shigar farko ba za ta yi kyau yadda mai ita ya zana a ransa ba, kuma gogaggun harkar sukan ajiye hoton tasu don su nuna wa masu tasowa su yi dariya tare. Da koyo akan iya. Abin da ake so mutum ya dawo da shi daga taronsa na farko shi ne lambobin wayar mutum biyu ko uku, da jerin abubuwan da suka ɓalle da dalilin ɓallewarsu, da sunan tauraron da zai yi a karo na biyu.